Sarrafa Manhajar Kwaikwayo da Kibod Kaɗai

Duk matashin da ya tashi daga Danja, Dabai ko Kahutu ya je ya zana jarrabawar JAMB a shekarun nan ya san ana iya gama aiki a kwamfuta hannu bai taɓa maus ba. A 2015 hukumar ta koma amfani da kwamfuta kacokan, a 2017 kuma ta fito da tsarin maɓallai takwas: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R na fasa miƙawa. An yi haka ne saboda yaran da ba su saba riƙe maus ba, kada rashin sabo ya kayar da wanda ya san amsa.

Jarrabawa mai zaɓi huɗu dai abu ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne manhajar kwaikwayo, wadda kusan komai nata ja ne da ajiyewa: ka ja wannan, ka haɗa shi da wancan, ka zuba ido ka ga layi yana hawa ko sauka. Irin wannan manhaja ta fara shiga azuzuwan kimiyya da ofisoshin malaman gona, kuma da yawanta a intanet ake buɗewa. Wannan jagora za ta nuna yadda ake sarrafa ta da kibod, yadda za ka gane wadda ta cancanci a saka ta a gaban ɗalibai, da abin da mai gina ta ya kamata ya kiyaye.

Su wa abin ya shafa

Akwai wanda yanar ido, hawan jinin ido ko amodari ya rage wa gani, ba ya iya bin ɗan kibiyar nan da ke yawo a sikirin. Akwai wanda shan inna ta taɓa wa hannu tun yana ƙarami, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da dattijon da hannunsa ke rawa. A ƙasar rake da masara irin tamu, akwai kuma wanda injin matse rake ko injin sussuka ya raba da yatsu. Dukansu suna iya danna maɓalli ɗaya bayan ɗaya, amma riƙe maus a danne ana ja a lokaci guda yana gagararsu. Sai kuma kowa da kowa, ranar da ƙura ta kashe wurin shafawa na laftof, ga aiki a gaba, ga mai gyara yana Funtuwa.

Doka ma ta shigo cikin maganar. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta tanadi a ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A 2020 aka kafa hukumar da ke kula da lamarinsu. Ɗaukar mutum aiki sannan a miƙa masa manhajar da ba zai iya sarrafawa ba, ba a cika alkawarin dokar ba.

Abin da manhajar kwaikwayo take yi

Manhaja ce da ke ba ka damar gwada abu a kwamfuta kafin ka gwada shi da kuɗinka. Iri biyu za ka fi haɗuwa da su. Na farko waɗanda aka riga aka gina, naka kawai ka canza ma'auni ka ga abin da zai faru. Mafi shahara a nan su ne na PhET, shirin da Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001, ya kafa a Jami'ar Kolorado ta Amurka a 2002. Kyauta ne, kuma ana iya sauke kowane gwaji a matsayin fayil guda a buɗe shi ba tare da data ba. Na biyu waɗanda kai za ka gina samfurin da kanka, kamar Insight Maker, SageModeler da NetLogo Web. Da yawansu sun ɗoru a kan hanyar da Jay Forrester ya fito da ita a jami'ar MIT a shekarun 1950: ma'aji da ke tara abu, magudanar da ke zuba masa, da magudanar da ke kwashewa.

Abin da za ka tanada

Ka samu kibod cikakke na USB, mai rukunin lambobi a gefen dama. Na laftof yakan rasa wasu maɓallan ko ya ɓoye su a ƙarƙashin Fn, musamman Home, End, Page Up da Page Down, waɗanda za ka buƙata sosai. Ka laluba da yatsa za ka ji ɗan tudu a kan F da J, da kuma lamba 5 ta rukunin dama. Daga nan mai larurar gani yake gane inda hannunsa yake. Wasu malamai kan ɗiga ɗan gam ko su manna ƙaramin tef a kan Tab, Esc da Enter don a same su da wuri.

Ka cire maus ka sa a aljihun tebur. In laftof ce, ka kashe wurin shafawa ko ka rufe shi da ɗan kwali. Muddin maus yana kusa, hannu zai kai gare shi ba ka sani ba, kuma ba za ka taɓa gane inda manhajar ta gaza ba.

Windows tana da kayan taimako a ciki. Danna Shift sau biyar a jere yana kunna Sticky Keys, wanda ke ba mai hannu ɗaya damar danna Ctrl, ya saki, sannan ya danna harafin da ke biye. Riƙe Shift na dama daƙiƙa 8 yana kunna Filter Keys, wanda ke hana harafi maimaita kansa in hannu yana rawa. Maɓallin Windows tare da alamar tarawa yana buɗe madubin ƙara girma, Windows da Esc kuma su rufe shi. A cikin burauza, Ctrl da alamar tarawa yana ƙara girman shafi, Ctrl da 0 ya mayar da shi yadda yake.

Mataki na farko: bin zobe

A kowane lokaci abu ɗaya ne tak a shafi yake sauraron kibod, kuma burauza tana zagaye shi da zobe ko layi mai kauri don ka san inda kake. Tab yana kai zoben gaba, Shift da Tab su dawo da shi baya. Yadda mai ban ruwa ke buɗe wa kwami ɗaya ruwa, in ya cika ya toshe ya buɗe na gaba, haka zoben ya kamata ya bi shafi: daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, ba tsallake, ba komawa inda aka wuce.

In zoben ya sauka a kan madanni, Enter ko Space ke danna shi. In akwatin zaɓi ne, Space ke sa masa alama ko ya cire. In rukunin zaɓi ne da ake ɗaukar ɗaya kawai, Tab yana shigar da kai rukunin, maɓallan kibiya su zaga da kai a ciki, Tab kuma ya fitar da kai. Wannan ƙa'ida ta kibiya a ciki, Tab a tsakani, ita ce ta fi ruɗa sabon shiga. Esc na rufe akwatin da ya buɗe a kan shafi. Ctrl da L yana kai ka wurin rubuta adireshi, wanda kuma shi ne mafita in zoben ya maƙale a wani wuri ya ƙi fita.

Silaida, wato ma'aunin da ake ja gaba da baya, ita ce zuciyar manhajar kwaikwayo. Kibiya tana motsa ta taki ɗaya. Page Up da Page Down suna yin babban taki. Home yana kai ta ƙarshen ƙasa, End ya kai ta ƙarshen sama. A gwaje-gwajen PhET, riƙe Shift tare da kibiya yana rage girman takin don a daidaita lamba sosai.

Mataki na biyu: gwaji na zahiri

Ka buɗe gwajin PhET mai suna Ohm's Law, wanda ya yi daidai da darasin lantarki na babbar sakandare. Yana farawa da bolt 4.5 da om 500, wutar da ke gudana kuma miliyamf 9. Ka danna Tab har zoben ya sauka a silaidar bolt, ka danna End. Bolt zai hau 9, wuta ta koma miliyamf 18. Ka sake Tab zuwa silaidar om ka danna Home. Za ta sauka 10, wuta ta yi tsalle zuwa miliyamf 900. Da dannawa kaɗan ɗalibi ya ga duka ƙarshen dokar biyu, abin da mai ja da maus kan daɗe yana lalube kafin ya dace. A ƙasan sikirin akwai ɗan hoton kibod. Ka kai zoben kansa ka danna Enter, zai jero maka duk maɓallan da wannan gwajin yake karɓa. Ka mai da duba wannan jeri al'ada a kowace sabuwar manhaja.

Sai batun ja. Ka buɗe Balloons and Static Electricity, inda ake goga balan-balan a jikin rigar sanyi. Da kibod, aikin ja yana rabuwa gida uku: kamawa, motsawa, saki. Ka kai zoben kan balan-balan ka danna Space, ka kama ke nan. Kibiyoyi, ko W, A, S da D, su motsa ta. Shift yana rage gudu. Riƙe J ka danna W zai kai ta jikin bango kai tsaye. Space ya sake ta. Wanda ya gane wannan tsari na gida uku ya gane yadda ake ja a duk manhajar da aka gina da kyau, ko da maɓallan sun bambanta.

Ba duka gwaje-gwajen PhET ke da wannan tanadi ba. Shafinsu yana da matacin da ke ware waɗanda ke karɓar kibod, masu sauti, da masu bayanin da ake karanta wa makaho. Ka tace tukuna kafin ka tsara darasi.

Mataki na uku: aiki da kunne

Mai larurar gani yana buƙatar manhajar da za ta karanta masa sikirin. Windows tana da Narrator, ana kunna shi da Windows, Ctrl da Enter. Wadda ta fi yaɗuwa cikin na kyauta ita ce NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina, tun daga 2006. Ana iya sa ta a filash a tafi da ita kafe ko ofis a kunna ba sai an girka ba. Babban maɓallinta Insert ne, amma tun a farko za ka iya cewa Caps Lock ya tsaya a madadinsa, wanda ya fi sauƙi a laftof. Ctrl yana sa ta yi shiru. Insert da 1 yana kunna yanayin koyo, inda duk maɓallin da ka danna za ta faɗi sunansa da aikinsa ba tare da ta aikata komai ba.

Ga wurin da mutane suka fi tuntuɓe. NVDA tana da yanayi biyu a shafin intanet. A yanayin karatu, ita ke karɓe maɓallanka: kibiyar ƙasa ta karanta layi na gaba, H ya kai ka kanun magana, B madanni, T jadawali. A yanayin aiki, tana sakin maɓallan su wuce zuwa manhajar. Yawanci tana sauyawa da kanta, za ka ji ɗan sauti. Amma in ka kama balan-balan ka danna kibiya, maimakon ta motsa sai ka ji ana karanta maka rubutu, to kana yanayin karatu ne. Insert da Space zai sauya. Mutane da yawa sun yanke wa manhaja mai kyau hukuncin ba ta aiki saboda wannan kaɗai.

Ƙa'idar ita ce ka fara da karatu. Ka bi shafin da kibiya daga sama har ƙasa ka ji abin da ke ciki, sannan ka koma ka fara Tab. In manhajar da Turanci take, muryar za ta riƙa haɗa sunan abu da nau'insa da Turanci. Malami ya zauna da ɗalibi tun ranar farko ya fassara masa waɗannan 'yan kalmomi da ke maimaituwa, ya sa shi ya ji kowacce a aikace. A yi amfani da abin sawa a kunne, a bar kunne ɗaya a buɗe don jin malami.

Mataki na huɗu: gina samfuri naka

Mu ɗauki matsalar da duk mai noman rani a fadamun Danja ya sani: ruwan da ke hannu zai kai tumatir ƙarshen tsinka, ko a watan Maris za a tsaya ana kallon gona tana ƙonewa? Lissafin tushe guda ne: ruwa milimita 1 a kan hekta 1 daidai yake da lita 10,000, wato kubik mita 10. Mu ƙaddara tafkin da ake ban ruwa da shi yana da kubik mita 3,000, ƙasa tana tsattsafo masa 20 kullum, gona hekta ɗaya kuma tana shan milimita 6 a rana, wato kubik mita 60. Mu ƙaddara kuma daga dashe zuwa tsinkar ƙarshe kwana 120 ne. Waɗannan lambobin misali ne, kowa ya sa na gonarsa.

A manhajar zane, za ka saka ma'aji ɗaya mai suna tafki, magudanar shiga, magudanar fita, da ma'auni ɗaya na faɗin gona. Ayyuka shida za ka nemi hanyar yin su da kibod: saka sabon abu, raɗa masa suna, buɗe akwatin lissafinsa, haɗa shi da wani, kunna gwaji, da karanta sakamako. Na huɗun ne ya fi gardama, domin manhajoji da yawa an gina su ne da tunanin za a ja kibiya daga akwati zuwa akwati. Ka duba menu da jerin maɓallai ko akwai umarnin haɗawa inda za ka zaɓi mafari sannan ka zaɓi maƙura daga jeri. Ka duba kuma ko akwai wurin da ke jero duk sassan samfurin a rubuce, domin daga nan aiki ya fi sauri ko ga mai gani.

In babu, akwai mafita biyu. Wanda yake gani amma riƙe maus ne matsalarsa ya kunna Mouse Keys da Alt na hagu, Shift na hagu da Num Lock. Lambobin gefen dama za su riƙa motsa kibiyar sikirin: 5 ya danna, 0 ya danne ya riƙe, ɗigo ya saki. Yana da jinkiri, amma yana kai mutum. Wanda ba ya gani kuwa wannan ba zai amfane shi ba, sai ya koma ga jadawalin lissafi, inda komai rubutu ne da lamba.

Ga yadda ake yi a Excel. A gida A2 ka rubuta 0, a B2 ka rubuta 3000, a E1 ka rubuta 1, wato faɗin gona. A A3 ka rubuta =A2+1. A B3 ka rubuta =MAX(0,B2+20-60*$E$1). Ka danna Ctrl da G, ka rubuta A3:B122, Enter, sannan Ctrl da D don ya kwafe lissafin har ƙasa. Yanzu ka gangara da kibiya. A layi na 77, wato rana ta 75, ruwa ya zama sifili, saura kwana 45 a gama tsinka. Ka koma E1 ka sa 0.75. Ruwan zai kai rana ta 120 cif. Ka sa 0.5, za a gama da ragowar kubik mita 1,800. Manomi ya sami amsarsa tun kafin ya sayi iri: ko ya rage gona zuwa kashi uku cikin huɗu, ko ya haƙa rijiyar ƙari. Daga baya sai a ƙara abin da rana da iskar hunturu ke kwashewa daga tafkin, da bambancin shan ruwa tsakanin dashe da lokacin fure.

Gargaɗi ɗaya: a burauza, Ctrl da S sau da yawa shafin yake ajiyewa, ba samfurinka ba. Ka nemi madannin ajiya na manhajar ita kanta, ka riƙa danna shi bayan kowane mataki. Wuta ba ta sallama kafin ta tafi.

Karanta sakamako

Giraf hoto ne, manhajar karatu ba ta ganin abin da ke cikinsa sai an rubuta mata. Manhaja mai kyau tana ba da sakamako a jadawali ma, ko ta bari a sauke shi a matsayin fayil ɗin CSV a buɗe a Excel. A jadawalin intanet, NVDA tana bin gidaje da Ctrl, Alt da kibiyoyi, tana faɗin kan kowane layi. Kada ka bi lambobi 120 ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi huɗu: ta farko, ta ƙarshe, mafi girma ko mafi ƙanƙanta, da ranar da abu ya juya. Da su za ka zana siffar giraf ɗin a ka.

Masu gani ma suna da tasu matsalar. Layi ja da layi kore iri ɗaya suke a idon wasu mutane, musamman maza, kuma a sikirin da rana ta haske kowa ma yana wahala. Ka zaɓi manhajar da ke rubuta suna a jikin kowane layi ko ta bambanta su da ɗige-ɗige. In gwajin yana gudu da sauri, ka nemi madannin tsayarwa da na taki ɗaya-ɗaya. Haka kuma duk abin da manhaja ta faɗa da sauti dole ya fito a rubuce, domin ɗalibai irin na makarantar kurame ta Malumfashi su ma da su ake yi.

Gwajin da za ka yi kafin ka zaɓi manhaja

Shugaban makaranta, mai cibiyar kwamfuta ko jami'in da za a kawo wa manhaja ya saya, ya cire maus ya nemi amsar waɗannan:

1. Tab yana kai wa ga duk abin da ake dannawa, har da abubuwan da ke cikin zane?
2. Ana ganin zoben a kowane lokaci, ko yana ɓacewa a bayan wani abu?
3. Akwai wurin da zoben ke shiga ya kasa fita?
4. Duk abin da ake ja yana da hanyar da ba ta ja ba?
5. In an rufe akwati da Esc, zoben yana komawa inda ya baro, ko sai an faro daga saman shafi?
6. In an ninka girman shafi zuwa kashi 200, rubutu yana nan cikakke?
7. In an kashe hasken sikirin aka kunna NVDA, ana iya canza ma'auni, a kunna gwaji, a ji sakamako, a ajiye?

Ta bakwai ce alƙali. Manhajar da ta bar mutum ya canza lambobi amma ta hana shi jin sakamako ba ta yi masa komai ba. In da hali, a kira wanda da NVDA yake aiki kullum ya yi gwajin, a biya shi ladan lokacinsa. Abin da zai gano cikin rabin awa, mai gani zai yi mako bai lura da shi ba.

Ga masu gina manhaja

Matasanmu da ke koyon rubuta manhaja a Zariya, Dutsin-Ma da Katsina, wannan ɓangaren naku ne, kuma tun ran gini ran zane. Ƙungiyar W3C tana da ƙa'idoji masu suna WCAG. Na 2.0 sun fito a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 a Oktoban 2023. Sashe na 2.1.1 ya ce komai ya yiwu da kibod, 2.1.2 ya hana tarkon zobe, 2.4.7 ya ce a ga zoben, 2.5.7 kuma, wanda sabo ne a 2.2, ya ce duk aikin ja ya kasance da madadin da ba sai an ja ba. Bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, na zobe da layukan giraf 3 bisa 1.

Ka yi amfani da kayan HTML na asali. Button da input mai nau'in range sun zo da aikin kibod a jikinsu, amma div da aka yi wa kwalliyar madanni Tab ba ya ganinsa. Kada ka goge outline don ka ga ya ɓata ado, ka gyara masa kauri da launi. Kada ka ba tabindex lamba sama da sifili. In zanenka a canvas yake, ka sani manhajar karatu fili kawai take gani. Hanyar da PhET ta bi ita ce gina jerin HTML a gefe, wanda ido ba ya gani amma yana ɗauke da kowane abu na zanen da sunansa da halin da yake ciki. A samfuri mai sassa 40, kada ka sa mutum ya danna Tab sau 40: zanen duka ya zama zango ɗaya, kibiyoyi su zaga a ciki.

Silaida ta faɗi ma'ana, ba lamba tsirara ba. Da aria-valuetext za ta ce hekta 0.75 maimakon 75. Sakamako ya fito ta aria-live, amma a taƙaice kuma a muhimman gaɓoɓi: ruwa ya kai rabi, ruwa ya ƙare a rana ta 75. In ka sa ta faɗi kowace rana, mai sauraro zai kashe murya. Gajerun hanyoyi masu harafi ɗaya su kasance ana iya kashe su, domin suna karo da na NVDA. In rubutunka da Hausa ne, ka sa lang ya zama ha, ka tabbata ɓ, ɗ da ƙ suna fitowa daidai a suna da cikin fayil ɗin da aka sauke. Kayan bincike irin su axe, WAVE da Lighthouse suna kama wasu kurakuran, amma ba za su gaya maka ko mutum ya iya haɗa tafki da magudana ba. Wannan sai ka cire maus ka gwada da hannunka.

A cikin aji

Kada a ware ɗalibi ɗaya a kusurwa a ce shi ne na kibod. A koya wa aji duka a makon farko, a kwashe maus ɗin kowa na darasi ɗaya ko biyu. A haɗa su biyu-biyu: ɗaya yana dannawa, ɗaya yana rubuta lambobin da suka fito, sannan su yi musaya. Abokin zaman mai larurar gani ya riƙe hannunsa a cinya, aikinsa faɗin abin da ya gani in an tambaye shi, ba karɓe kibod ba. Malami kuma ya daina cewa danna nan, ja wancan. Ya kira kowane abu da sunansa: silaidar bolt, madannin kunnawa, gida E1. A rubuta jerin maɓallan da manyan baƙaƙe a manna a bango, a kuma naɗi muryar wani yana karanta shi a tura wa ɗalibai a waya.

A fara da Ohm's Law, a bi da balan-balan, a ƙare da lissafin tafki. A na ƙarshen, kowane ɗalibi ya tambayo faɗin gonar gidansu da yawan ban ruwan da suke yi a mako, ya mayar da ruwan na hekta ɗaya a rana, ya sa a E1 da B3, ya sake kwafe lissafin har ƙasa, ya kai wa mahaifinsa amsar kafin lokacin dashe.